Hasken waya ne, ba na mai ba

Daga Wad Madani har Mai Wurno, hoto iri ɗaya ake ta turawa a WhatsApp: fuska biyu a jere, ɗaya da kuraje, ɗaya fes, ga farashin man hasken fata a ƙasa. Sai ka ji yarinya tana cewa, "Wallahi Inna yana aiki, ki dubi fuskar mai sayarwa." Wannan magana ta ishe ni.

Fuskar nan aikin filta ce. Manhaja ce a Snapchat da TikTok, wasu wayoyin ma da ita suke zuwa a kunne. Tana share tabo, ta ƙara haske, ta tsuke hanci kafin ki ƙifta ido. Wasu na cewa to ai bidiyo ne, ba ya ƙarya. Wannan zance ya tsufa. Tun 2023 da TikTok ta fito da Bold Glamour, mace kan shafa fuska da hannu filtar ba ta goce ba. Ta yaya mai zai yi a sati abin da fatar ɗan Adam ba ta taɓa yi ba, wato ta zama ba ƙofar gashi ko ɗaya? A Faransa har doka aka kafa a 2023, mai talla dole ya faɗa idan an gyara hoto. Mu nan ba mai tambaya.

Illar tana cikin ɗan kwanon da ake aunawa da cokali a shagunan "gadar zurufak", daidai kuɗinka. Yawanci haɗi ne na Dermovate da haidirokwinon, wani har da zaiba. Fata ta yi siriri, nanƙarwa ta fito, kumatu su ƙone a ranar Jazira, zaiba kuma ta sauka a ƙoda. Samarin da ke neman "fara" su ma da laifinsu.

Kafin ki biya, dubi wuya da kunne da gaɓoɓin yatsun mai tallar, nan filta ke yawan mantawa. Nemi ganinta ido da ido, da rana tsaka. Kwalbar da ba suna, ba jerin sinadarai, ki bar musu kayansu. Ko lafaya ce haka, launin waya daban na kasuwar Sinnar daban. Amarya mai neman gyaran jiki kuwa, ga dilka, ga dukhan, ga lalle. Wadda kuma ta daɗe tana shafa haɗin, ko tana shan ƙwayar ƙiba ta deksametason, kada ta daina dare ɗaya. Ta je likita ya rage mata a hankali.