Gubar da ba ta mutuwa: abin da ɓacewar ungulu da carki ke faɗa wa makiyayi



A zagayen da nake yi na duba lafiyar dabbobi, daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Dogo-Dogo, akwai tambayar da nake yawan yi wa dattawa a rugage da bakin rijiya: yaushe rabonku da ganin ungulu ta sauka kan mushe? Amsar kusan ɗaya ce. Sukan ce a da, kafin mahauci ya gama fiɗa, ungulaye sun cika katangar kwata. Yanzu jaki kan mutu a bakin hanya ya yi kwanaki yana wari, karnuka da ƙudaje ne kaɗai ke kansa. Wasu kan ƙara da cewa carki ma, mai bin bayan shanu yana cire kaska, ya yi wuyar gani.

Masu bincike sun tabbatar da abin da dattawan ke faɗi. Wani masanin tsuntsaye ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye irin su mikiya sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen dajin da hukuma ke karewa. A 2015 kuma aka sa ungulun gari, wadda muka saba gani a kwata, cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Dalilan suna da yawa. Akwai masu farautar ungulu don sayar da kanta ga masu maganin gargajiya, akwai sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Amma akwai dalili guda da ke hannunmu, mu masu kiwo da noma, shi ne guba.

Guba iri biyu ce

Akwai wadda ke kisa nan take. Irin ta ce ake barbaɗa wa mushe don a kashe dila ko karen da ya addabi garke, kamar garin karbofuran da ake sayarwa a ƙulle a leda. Matsalar ita ce ungulu ta fi dila saurin gano mushe, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Mushe ɗaya mai guba na iya kashe ungulaye da dama a yini guda. A ƙasar Gine-Bisau, a 2020, an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 da aka kashe da guba cikin ƴan makonni.

Ta biyu ita ce mai naci, wadda rana da ruwan sama ba sa kashe ƙarfinta da wuri. Cikinta akwai DDT, da diyaldirin da aka daɗe ana fesa wa fara a ƙasashen Sahel har zuwa shekarun 1980, da lindan wanda da yawanmu suka sani da sunan gamalin, da endosulfan da aka riƙa fesa wa auduga da kayan lambu. DDT kan yi shekaru a cikin ƙasa kafin rabinsa ya lalace. Wannan guba ba ta narkewa sosai a ruwa, kitse take so. In ta shiga jikin dabba ba ta fita da fitsari yadda ya kamata, sai ta kwanta a kitse ta yi ta taruwa.

Ga yadda take hawa. Fara ta ci ganyen da aka fesa, ta ɗauki kaɗan. Balbela ko shamuwa ta ci fara ɗaruruwa, ta tara abin da ke jikinsu duka. Shaho ya ci ƙananan tsuntsaye, ya tara nasu. Haka a tabki: ƙwaro, sai kifi, sai zalɓe. Wanda ke can ƙarshen layi shi ke kwasar kaso mafi yawa, ko da bai taɓa sauka a gonar da aka fesa ba.

Abin da take yi wa tsuntsu

Ba lallai tsuntsun ya faɗi ya mutu a gabanka ba, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. Ɓarnar tana farawa daga ƙwai. A Ingila da Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, an ga shaho da gaggafa suna ta raguwa alhali manyansu na yawo lafiya. Da aka auna ƙwayayensu sai aka gano DDT na hana uwar zuba isasshen alli a ɓawon ƙwai. Ɓawon ya yi laushi, uwa ta hau kwanci, ƙwai ya fashe a ƙarƙashinta. Wanda bai fashe ba, sau da yawa ɗan ya mutu a ciki, domin uwar ta zuba gubar cikin gwaiduwa. A 1963 gaggafar da ke kan tambarin Amurka ta ragu har saura ma'aurata 417 da aka sani a yawancin jihohin ƙasar. An hana amfani da DDT a gonakinsu a 1972, kuma a hankali gaggafar ta dawo da yawanta.

Akwai kuma lokacin yunwa da doguwar tafiya. Shamuwa tana baro kudancin Afirka ta iso mana gab da damina, ta yi sheƙa a kan gawo da tsamiya a tsakiyar gari. Tsuntsu mai irin wannan tafiya kitsen jikinsa yake ƙonawa. In akwai guba kwance a kitsen, a lokacin take sakuwa ta shiga jini da ƙwaƙwalwa.

Ina ruwan makiyayi?

Wani mai shanu ya taɓa ce mini, cikin raha, shi da ungulu ba gaisuwa ba sallama. Na ce masa ma'aikaciyarsa ce da ba ya biya. Cikin ungulu na da ƙarfin narkar da ruɓaɓɓen nama tare da kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke ciki. In ba ta nan, mushe ya daɗe a fili, ruwansa ya bi ƙasa zuwa mashaya, karnuka su samu abinci su yi yawa.

Indiya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, ba a san dalili ba sai a 2004. Ashe allurar diklofenak ce, maganin zafi da kumburi da ake yi wa shanu. In saniya ta mutu ƴan kwanaki bayan allurar, ungulun da ta ci namanta sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Ungulu ta ɓace, karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana yi wa dabbobi wannan magani, suka koma ga meloksikam, wanda ke aiki iri ɗaya kuma ba ya cutar da ungulu. Diklofenak yana nan a kasuwanninmu, ana sayar da shi a kan tebur, kuma na sha ganin an yi wa dabba allurar da aka yi domin mutum.

Carki ma haka. A Afirka ta Kudu, maganin wankan kaska mai arsanik na cikin abubuwan da suka kawar da carki mai ɗorawar baki daga ƙasar a farkon ƙarnin da ya wuce, bai koma can ba sai wajen 1979. Carki a jikin saniya yake kiwo. Abin da ka shafa mata, shi ma ya ci.

Shamuwa da balbela kuwa fara suke ci, farar da ke cinye mana ciyawa da hatsi. Kashe su ƙara wa fara ƙarfi ne. Shi ya sa aka nemo maganin fara na naman gwari, wanda aka gwada a Maine-Sorowa a shekarun 1990, mai kashe fara ya bar tsuntsu.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: gubar da ke son kitsen tsuntsu tana son kitsen saniya. In dabba ta ci harawar da aka fesa wa irin wannan magani, ko aka wanke ta da shi, yakan fito a nono, ya fi taruwa a man shanu. Ƴaƴanmu ke sha, matanmu ke kai wa kasuwa.

An hana, amma bai ƙare ba

Ƙasashen duniya sun sa hannu kan yarjejeniyar Istokholm a 2001 don kawar da waɗannan magunguna masu naci, kuma Nijar na cikinta. Lindan ya shiga jerin a 2009, endosulfan a 2011. A yankinmu, kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, shi ke tantance maganin da aka yarda a sayar. Sai dai mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Dungas zuwa Maigatari, daga Magarya zuwa Ɓaɓura, tafiya ce ta ɗan lokaci, kaya na shiga suna fita ta kowace hanya. A kasuwannin ƙauye za ka ga magani an juye shi a gorar lemo, babu takarda, babu suna, babu ranar lalacewa. Mai sayarwa da kansa bai san abin da ke ciki ba. Irin sa ake fesa wa kabeji da tumatir a fadamun Korama, inda garkunanmu ke sauka da rani, a kuma wanke famfon feshi a ruwan da za su sha.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Kada a sa wa mushe guba, ko da dila ta yi ɓarna. Shingen ƙaya mai kauri, karen tsaro da kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji sun fi. Dabbar da ta mutu bayan allura, ko ake zargin ta ci guba, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta. Wadda ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a fiɗe ta, domin tana iya zama ciwon saifa. A kira likitan dabbobi.

Maganin kaska a saye shi wurin likitan dabbobi ko mataimakinsa na ƙauye, a kwalbarsa ta asali. Maganin gona ba na jikin dabba ba ne. Amitaraz na cikin masu sauƙi ga carki, amma ba a shafa shi ga doki ko jaki. In dabba na bukatar maganin zafi, ku tambayi meloksikam da sunansa. Ku tambayi kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka.

Galan ɗin da maganin ƙwari ya ƙare a ciki kada ya zama na ruwa ko na nono, komai wankin da aka yi masa. A huda shi. In kuma akwai tsofaffin duro ko buhunan magani a wani ɗakin ajiya a garinku, kada ku buɗe, kada ku zubar, ku sanar da ma'aikatar gona.

Ƙungiyoyin da ke haɗa kuɗi su sayi dusa da allurar rigakafi za su iya sayen maganin kaska ta wannan hanya, daga hannu ɗaya da aka sani, sai farashi ya sauka kuma a san abin da aka saya. A zamanku na gaba, ku zauna da masu lambun da kuke haɗa ruwa da su, ku tsayar da wurin wanke famfo nesa da mashaya. Sannan ku sa wa gawon da shamuwa ke sheƙa a kai ido, ku ƙirga sheƙunan bana ku rubuta a littafin ƙungiya, domin baɗi mu kwatanta.