Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Sarrafa Ginuwar Ƙoda a Cikin Mahaifa

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da kundin umarni iri ɗaya, wato ƙwayoyin gado. Abin da ya bambanta ƙwayar ƙoda da ta ido shi ne sashen kundin da kowacce ta buɗe ta yi aiki da shi. Wannan buɗewa da rufewa su masana ke kira bayyanar ƙwayoyin gado, kuma ginuwar ƙoda tana daga cikin misalan da suka fi fito da ita fili.

Ƙodar dindindin takan fara tsirowa ne a mako na 5 da shigar ciki. Wani ɗan toho, wanda daga baya zai zama magudanan fitsari, yakan kutsa cikin wani curin ƙwayoyi, ya yi ta rassa. A kan kowane reshe akwai gungun ƙwayoyin tushe. Daga gare su ne ake samun ƙananan matatun nan da ke tace jini, waɗanda ake kira nefuron.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayoyin tushe suna da aiki biyu masu karo da juna: su hayayyafa don kada su ƙare, su kuma rikiɗe su zama matatu. Tohon yakan aiko da saƙo ta ƙwayar gado mai suna Wnt9b, yana umartar su da su rikiɗe. Ita kuwa Six2, wadda ke buɗe a cikin ƙwayoyin tushen, ita ke riƙe wasu don su ci gaba da zama iri. A 2006 masu bincike a Amurka sun nuna cewa idan aka cire Six2 daga tayin ɓera, sai ƙwayoyin su rikiɗe da wuri gaba ɗaya, ƙodar ta tsumbure. Lamarin ya yi kama da na manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, wannan iri ba ya dawwama. Wajen mako na 36 yakan ƙare, kuma daga nan jiki ba ya sake ƙera sabuwar matata har abada. Matsakaicin adadi shi ne kimanin miliyan 1 a kowace ƙoda, amma wani bai fi 200,000 ba, wani kuma ya haura miliyan 2. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sukan tashi da kaɗan. Tun a 1988 likitan ƙoda Barry Brenner ya kawo ra'ayin cewa ƙarancin matatu yana share fagen hawan jini bayan an girma, domin 'yan kaɗan ɗin da ke akwai su ke ɗaukar nauyin aikin duka, har su gaji.