Gyaran Gangar Auzinawa a Tsofaffin Motocin Kwana

Kusan kowane mako sai wani sabon bidiyo ya ɓulla a YouTube ko TikTok. Wasu ma'aurata a Ingila ko Amurka sun sayi tsohuwar bas ƙirar Volkswagen mai shekara 40 ko 50, sun sa guduma sun ɓaɓɓalle kabad-kabad ɗin cikinta sun jibge a bola, sun yanke rufi, sun liƙa farin katako da 'yan fitilu. A ƙarshe sai a ce darajar motar ta ninka. Masu kallo kuwa, har da namu da ke tura wa juna a waya, sai yabo. Abin ya fara gundura, domin sau da yawa abin da aka zubar ya fi abin da aka liƙa tsada.

Motar kwana dai ƙaramar bas ce da aka sa wa gado, murhu, wurin wanke kwano da ma'ajiyar kaya, iyali su tafi hutu su kwana a ciki. Wadda ta fi suna ita ce Kombi ta Volkswagen, da aka fara ƙerawa a Wolfsburg ta Jamus a 1950, bayan wani dillalin motoci ɗan Holan, Ben Pon, ya zana siffarta a 1947. Daga 1951 kamfanin Westfalia ya shiga haɗa mata kayan ciki. Duk wanda ya taɓa hawa danfo a Legas ya san ƙanwarta, T3, da ta fito a 1979. Brazil ce ta riƙe tsohuwar ƙirar har Disambar 2013, lokacin da dokar jakar iska da birkin ABS ta kawo ƙarshenta.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa duk kuɗin da aka zuba wa tsohuwar mota zai dawo ranar sayarwa. A kasuwar waɗannan motoci lissafin ba haka yake ba. Sabon kabad kowane kafinta zai ƙera gobe da safe. Kabad ɗin da ya fito daga masana'antar Westfalia a 1972, da ƙyaurensa da mariƙinsa da yadin kujerarsa, ya riga ya ƙare, kuma duk ɗayan da aka fasa ƙara wa sauran farashi yake yi. Mai sayen irin wannan mota abin da ba ya samuwa yake biya wa kuɗi. Idan ya leƙa ya tarar da ra'ayin wani a liƙe a bango, abu na farko da zai yi shi ne lissafin abin da zai kashe wajen cire shi, ya zabge daga tayinsa.

Ba a kuma iya yi masa rufa-rufa. Kowace Kombi ƙirar Jamus ta wancan zamani na ɗauke da ɗan faranti na ƙarfe, a yawancinsu bayan kujerar gaba, mai lambobin da ke faɗin lokacin da aka ƙera ta, launin da ta fito da shi, ƙasar da aka tura ta da ƙarin kayan da aka sa mata. Volkswagen ma na ba da takardar shaidar asalin mota ga wanda ya biya. Masu saye sun haddace waɗannan lambobi.

Labarin Samba ya isa misali. Ita ce Kombi ta alfarma, mai tagogi 23, daga baya 21, har da ƙanana a gefen rufi. A 2011 an sayar da wata 'yar 1963 a gwanjon Barrett-Jackson a Amurka kan dala 217,800. Ganin irin wannan kuɗi ya sa gareji-gareji suka shiga yanka tagogi a rufin Kombi gama-gari, musamman ƙirar Brazil, don su yi kama da Samba. Daga nesa sai a rantse ita ce. Amma da an duba farantin nan asiri ya tonu: motar ba ta zama Samba ba, ga shi kuma ta daina zama Kombi mai lafiyayyen rufi. An yi biyu babu.

Hukuma ma na bayan asali. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30 kan iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, wadda ke ba ta harajin bai-ɗaya na yuro 191.73 a shekara da izinin shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi. Sharaɗin shi ne masu binciken TÜV ko DEKRA su tabbatar tana nan kusan yadda ta fito. Ana yafe sauyin da ya dace da zamaninta, ba na jiya ba. A Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, kuma tun Mayun 2018 an ɗauke mata gwajin shekara-shekara na MOT, sai fa idan an yi mata babban sauyi a shasi, aksil ko injin cikin shekara 30 da suka wuce. Wanda ya cire injinta ya dasa na Subaru, kamar yadda masu T3 suka saba, ya samu gudu, amma ya sa wannan rangwame a kasada.

Duk wannan bai shafi kowace mota ba. Bas ɗin ɗaukar kaya da ta fito fanko, ko wadda ruwa ya riga ya ruɓar da katakonta, ba abin da za a yi asara. Mai ita ya ƙera abin da ransa ke so. Haka danfo da aka yi wa bencin ƙarfe, motar neman abinci ce, ba wanda zai ga laifin mai walda. Maganar ana yin ta ne kan motar da ta tsallake rabin ƙarni da kayanta cif, sannan wani ya zo ya gama da ita a yini ɗaya don bidiyon minti goma. Wannan almubazzaranci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Sai dai 'yan ga-ni-kashe-nin asali su ma suna da nasu wautar. Akwai masu alfahari da cewa tiyon man motarsu bai taɓa canzawa ba. A Kombi tankin mai na zaune sama da matakin injin, injin kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, don haka zafinsa ba na wasa ba ne. Da tsohon tiyo ya tsage, fetur zai yi ta zuba da kansa a kan ƙarfe mai zafi, shi ya sa gobara ta ci motocin nan da yawa. Fetur mai gaurayen etanol, irin E10 da Birtaniya ta koma sayarwa a Satumbar 2021, cin tsohuwar roba yake yi. Tiyo, birki, taya, wayoyin lantarki da bel ɗin kujera ba kayan tarihi ba ne. A canza su ba tare da jinkiri ba. Ƙirar da ta gabaci ta 1971 ma ba ta da birkin faifai a gaba, kuma sa mata shi ba laifi ba ne. Ɗumin cikin motar daga jikin salansa ake jawo shi, saboda haka idan tsatsa ta huda wurin, hayaƙi ne zai shigo. Haka murhun gas a mota rufaffiya. Iskar da ke kisa ba ta da wari, ita ce dai wadda ke hallaka iyalai a nan gida idan aka kwana da janareto a ɗaki. Na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar ba ta da tsada, kuma ba ta rage wa mota daraja ko ta sisi.

Ga wanda ke son jin daɗin zamani, hanyar mai sauƙi ce: abin da noti zai ɗaure kuma noti ya kwance, a yi, abin da sai an yanka ko an huda, a tsaya a yi tunani. Firiji, batir na biyu da farantin sola duk suna shiga ba tare da an taɓa bodi ba. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto. Abin da aka cire a adana shi a busasshen wuri, notuna a leda da rubutu. Idan dole sai an canza injin, a ajiye na asali, domin lambarsa na cikin abin da mai saye zai tambaya. Kada a fesa kumfar hana sanyi a cikin bango. Danshi take riƙewa, tsatsa ta ci ƙarfe ta ciki ba a sani ba sai fenti ya kumbura. Fentin asali, ko ya koɗe, a goge shi a shafa masa kakin mota, don yanzu akwai masu biyan kuɗi musamman saboda shi. Rufi kuwa yana cikin abin da ke riƙe gangar jikin motar, duk wanda ya yanke shi bai ƙarfafa gefen ba zai ga ƙofofi sun fara ƙin rufuwa.

A kuma kula da nauyi. Injin 1600 na Kombi ƙarfinsa kusan na doki 50 ne kawai. Katako mai kauri, tayil da tankin ruwa na lita 100, wanda shi kaɗai kilo 100 ne, sun isa su sa ta rarrafe a hawa, su kuma gajiyar da birki a gangara.

 Abin da aka fi mantawa shi ne takardu. A Birtaniya sauyin injin sai an sanar da hukumar DVLA da kamfanin inshora. A Jamus sauyin da ba a amince da shi ba na iya soke izinin motar na hawa titi gaba ɗaya, kuma ranar da hatsari ya faru kamfanin inshora zai fara ne da duba ko motar da ke gabansa ita ce wadda ke rubuce a takarda.