Albasar Da Ta Ƙi Yin Fure

Cikin shuke-shuken da a ke ƙawata gida da su akwai wani iri mai kai a ƙasa kamar albasa, amma ba a cinsa. Na ƙasarmu shi ne albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama da farkon damina, furenta fari mai jan zane. Akwai kuma baƙuwa wadda Turawa ke kira amarilis, asalinta daga Amurka ta Kudu, mai babban fure kamar tafin hannu. Kukan da masu lambu su kan yi da su duka biyu ɗaya ne, watau ganye ya yi kore shar, shekara ta kewayo, fure ko ɗaya babu. Daga nan sai mutum ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, in ya gaji ya tone ta ya yar. Sau da yawa kuwa ruwan nan da takin su ne suka hana ta.

Wanda ke so ya gane dalili, sai ya sami babban kan amarilis guda, ya tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa. Ɓawon nan da zai gani rufi bisa rufi gindin ganyaye ne waɗanda suka kumbura da abinci. Can tsakiya, in ya duba da kyau, zai tarar da ɗan ƙanƙanen fure a ƙunshe, yana jiran lokacinsa. Ashe furen da mu ke gani bana tun bara aka ƙulla shi. Kan nan rumbu ne, ganye kuwa shi ne manomin da ke cika shi da taimakon hasken rana. Masana shuke-shuke sun lura amarilis ta kan ƙulla fure ɗaya bayan kowane ganye huɗu, ko kusa da haka. To, yaya wadda ke da ganye biyu sirara za ta ba ka fure?

Saboda haka babu ɓarnar da ta kai yanke ganye yana ɗanye. Waɗansu su kan yi haka da zarar fure ya bushe, wai don wuri ya yi tsabta, waɗansu kuwa akuya ce ke yi musu. A ganina lambu ya ɗan yi muni wata biyu ya fi a rasa furen shekara. Karan furen kaɗai ya kamata a yanke, don kada ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri. Ganye sai a bar shi har ya yi rawaya don kansa. Haka nan wadda aka dasa ƙarƙashin mangwaro tana raye, amma rumbunta ba ya cika. Tana bukatar ranar safe, da ɗan inuwa in rana ta take.

Bayan ƙoshi sai hutu. A jeji rani ne ke tilasta wa albasar kwaɗi kwanciya, ruwan fari ya tashe ta. A gida kuwa mai lambu, don tausayi, ya kan yi ta ban ruwa dukan shekara, ita ko amarilis sai ta yi ta ganye abinta. Maganin wannan a ɗauke mata ruwa ɗungum har mako 8 ko 10, a ajiye tukunyar a inuwa mai sanyi. Sa'an nan a komo da ban ruwa kaɗan kaɗan. In kan ya ƙosa, cikin mako 6 zuwa 8 fure zai buɗe. Wanda ya daina ba ta ruwa a ƙarshen Oktoba, ya koma a farkon Janairu, ya sa ido cikin Fabrairu ko Maris. Sanyin hunturu yana taimakonta, kamar yadda manoma suka san albasar miya ma da hunturu a ke mai da kanta ƙasa in ana son iri.

Taki kuwa, sabon kashin kaji ganye ya ke kawowa. Gara tsohon taki wanda ya ruɓe sarai, da ɗan toka. Wajen dasa amarilis a bar sulusin kan a waje, gama in aka binne ta duka ta kan ruɓe. Tukunya ta kasance da huji a gindi, kada kuma ta yi faɗi, inci ɗaya tsakanin kan da bakinta ya isa. Albasar kwaɗi ba ta son ƙaura ko kaɗan, in an tone ta ta kan yi shekara ɗaya ko biyu tana fushi. 'Ya'yan da a ke ɓamɓarewa daga jikin uwa su ma sai sun shekara biyu ko uku kāna su yi fure, ba laifinsu ba ne, ƙuruciya ce.

Akwai dai waɗanda ba su da magani a lambunmu, kamar tulif na ƙasar Holan. Shi sai ya sha sanyi mai tsanani wajen mako 12 ko fiye kafin ya yi fure, hunturunmu kuwa bai kai nan ba.

In an tone kawunan nan za a ajiye, a nisanta su daga madafa, a kuma gargaɗi yara, domin sun yi kama da albasar miya ƙwarai, ga shi kuwa suna da dafi mai sa amai da zawo.