Daga Tokyo Zuwa Gombe: Katun ɗin Japan da Hannayen da Suka Baddala Shi

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi da al'adun Hausawa sun daɗe suna bin diddigin baƙin abubuwan da suka shigo ƙasar Hausa ta hanyar kallo. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan finafinan Indiya da tasirinsu a kan finafinan Hausa da littattafan soyayya, musamman a ayyukan Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano. Sai dai akwai wani baƙo da ya shigo ta ƙofar yara, shi ya sa manya ba su tsaya tambayarsa daga inda ya fito ba. Wannan baƙo shi ne zane mai motsi na ƙasar Japan, wanda masu shi ke kira anime, Bahaushe kuwa ya haɗa shi da sauran 'yan uwansa ya kira su katun.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin irin wannan katun, musamman na ƙattin butum-butumi da na mayaƙan samurai, da hanyoyin da ya bi kafin ya iso gari irin Gombe. Za a ga cewa na tsawon shekaru yaron da ke kallo a Jekadafari ko Bolari ko Pantami bai karɓi labarin daga hannun masu shi ba. Wani ne ya fara karɓa, ya rage, ya ƙara, ya sauya suna, sannan ya miƙo.

2.0 Asalin Ƙattin Butum-butumi

Galibi ana ɗaukar ranar 1 ga Janairu, 1963 a matsayin mafarin jerin katun na talabijin a Japan irin wanda aka sani a yau. A ranar ce aka fara nuna Tetsuwan Atomu na Tezuka Osamu, wanda Amurkawa suka raɗa wa Astro Boy. Tezuka ya ɗauki alkawarin fitar da shirin rabin sa'a kowane mako da kuɗi kaɗan, don haka dole ya yi dabara. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Shi kuwa sai ya rage zanen zuwa kamar takwas ko ƙasa da haka, ya tsayar da fuska cak baki kaɗai na motsi, ya kuma ajiye wasu fitowa don a riƙa maimaita su. Talauci ne ya haifi wannan dabara, amma daga baya ta zama salo.

A wannan shekara ta 1963 aka mayar da Tetsujin 28-go na Yokoyama Mitsuteru zuwa talabijin. Labarin wani ƙaton butum-butumi ne da aka ƙera don yaƙi, ya faɗa hannun yaro mai sarrafa shi daga nesa da wani ɗan akwati. Duk wanda akwatin ke hannunsa shi ƙaton ke yi wa biyayya, nagari ko mugu. Ba abin mamaki ba ne irin wannan tunani ya fito daga ƙasar da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, sannan ta farfaɗo ta hanyar ƙere-ƙere. A 1972 Nagai Go ya fito da Mazinger Z, inda matuƙin ya shiga kan ƙaton yana tuƙa shi kamar mota. A 1974 Getter Robo ya kawo jirage uku masu haɗewa su zama jiki guda. Kamfanonin kayan wasan yara su ne manyan masu ɗaukar nauyin waɗannan shirye-shirye, kuma abin da ke harhaɗuwa ya rarrabu ya fi shiga kasuwa. Wato dai ciniki na da hannu a cikin zubin labarin tun daga tushe. Sai a 1979, da Tomino Yoshiyuki ya yi Gundam, aka mayar da butum-butumin makamin soja kawai, yaƙin kuma ya zama na mutane da mutane, kowane ɓangare da hujjarsa da gawawwakinsa.

3.0 Hannun Amurka: Voltron

Ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi kama zukatan yaran Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 shi ne Voltron, wanda tashoshin NTA suka riƙa nunawa. A wancan zamani talabijin ba ta wuni tana aiki; wajen ƙarfe huɗu na yamma take buɗewa, shirye-shiryen yara ne kuma a gaba. Gombe a lokacin tana ƙarƙashin Jihar Bauchi, domin sai a ranar 1 ga Oktoba, 1996 ta zama babban birnin jiharta. Akwatin talabijin ba a kowane gida yake ba, saboda haka kallo taro ne: yaran unguwa kan cika tsakar gidan wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wasu ta taga, kowa na fatan kada a ɗauke wuta. Lokacin kuma ya yi karo da na makarantar allo da Islamiyya ta bayan la'asar, abin da ya sa yara da dama suka sha bulala saboda zakuna biyar. Da yake Hausa ba ta da sautin /v/, ba ta kuma son cunkoson baƙaƙe, sunan kan koma wani abu kamar Boltiron a bakin yaro.

Kaɗan ne daga cikin masu kallon suka san cewa ba Amurkawa suka zana shi ba. Asalinsa Golion ne, shiri mai kashi 52 da kamfanin Toei ya yi a Japan tsakanin 1981 da 1982. Wani kamfani mai suna World Events Productions da ke birnin St. Louis a Amurka ya saye shi, ya sake rubuta maganganun da Ingilishi, ya fitar da shi a 1984 da sabon suna. Kamfanin ya kuma haɗo wani shirin na daban, Dairugger XV, mai motoci da jirage 15, ya ce shi ma Voltron ne, alhali a Japan babu abin da ya haɗa labaran biyu.

Abin da aka cire ya fi abin da aka ƙara muhimmanci. A Golion, samarin nan biyar sun dawo daga sararin samaniya ne a shekarar 1999 ta cikin labarin, suka tarar yaƙin duniya na uku ya ƙone duniya, aka kama su bayi. A Voltron an share batun yaƙin duniyar, aka mayar da su jakadun wata rundunar tsaro. A Golion an kashe ɗaya daga cikinsu, Shirogane, tun a farkon labari, shi ya sa gimbiya ta karɓi tuƙin shuɗin zaki. A Voltron, inda sunansa Sven, sai aka ce rauni ya ji aka kai shi jinya. Sojojin abokan gaba da ake karkashewa aka ce ai na'urori ne, an yanke jini, an yanke azabtar da bayi. Dalili shi ne ƙa'idojin shirye-shiryen yara na gidajen talabijin ɗin Amurka. Ashe labarin maraici da bauta da mutuwa ne aka wanke shi tas kafin ya iso.

Amma duk da wankin, ƙashin bayan labarin ya tsira, kuma ƙashi ne da yaron da ya tashi da tatsuniya ya sani. Ga azzalumin sarki, Zarkon. Ga tsohuwa matsafiya, Haggar, mai turo dodo kowane mako. Ga 'yar sarki da ƙasarta ke cikin ƙunci. Ga baƙi da suka zo daga nesa suka cece ta. Ga takobi da ke raba gardama a ƙarshe. Wanda ya san labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura ba ya bukatar Ingilishi kafin ya gane inda aka dosa. Fitowar nan ta haɗewar zakuna, wadda ake maimaitawa a kowane kashi don tsimin kuɗin zane, ta yi aikin da waƙa ke yi a tsakiyar tatsuniya: an san za ta zo, ana jiran ta, idan ta zo a amsa baki ɗaya.

Baddala irin wannan ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa kuma ya Hausantar da jarumin Rasha Ilya Muromets ya zama Iliya Ɗan Maiƙarfi. Bambancin shi ne, a can Bahaushe ne ke riƙe da almakashin.

4.0 Hannun Larabawa da na 'Yan Kasuwa

Da farantin tauraron ɗan'adam ya yawaita a gidajen Arewa, tashoshin Larabawa na kyauta suka buɗe wata ƙofar. Spacetoon ta fara aiki a 2000, MBC3 kuma a 2004. Larabawa sun daɗe a wannan harka: tun ƙarshen shekarun 1970 aka fassara Grendizer na Nagai Go a Labanan, Captain Tsubasa mai ƙwallon ƙafa kuma ya zama Kyaftin Majid. Cibiyar Zahra ta Dimashƙa, wadda ta fassara da yawa daga cikin shirye-shiryen Spacetoon, tana da nata almakashin, amma ba inda Amurkawa suka yanka take yanka ba. Takan mayar da giya lemo, ta mayar da soyayya zumunci ko baiko, ta suturta wanda bai suturtu ba. Ana kuma fassarar ne da daidaitaccen Larabci, don haka ɗalibin Islamiyya kan ji kalmomin da ya sani a littafi suna fitowa daga bakin matuƙin butum-butumi.

Bayan haka sai faya-fayan DVD masu ɗauke da kashi da yawa, irin waɗanda kasuwar Alaba ta Legas ta yi suna da su, suka kawo Dragon Ball Z da Naruto. Daga nan sai masu tura finafinai a waya da memori, sai intanet.

5.0 Samurai da Takobin da Zamani Ya Wuce

Samurai su ne ajin mayaƙan Japan masu yi wa sarakunan yankuna hidima, kamar dai barade da jarumawan fada. Sun yi ƙarni da dama suna riƙe da ƙasa, har zuwa juyin Meiji na 1868. A 1876 gwamnati ta hana su yawo da takobi, a 1877 kuma Saigo Takamori ya jagoranci tawayensu na ƙarshe, inda sojan gwamnati mai bindigogin zamani ya murƙushe su a tudun Shiroyama.

Shirin Rurouni Kenshin, wanda aka fara nunawa a 1996 aka kuma sayar wa ƙasashen waje da sunan Samurai X, ya buɗe ne a 1878, shekara guda bayan wannan. Jaruminsa tsohon makashi ne da ya yi rantsuwar ba zai sake kisa ba, yana ɗauke da takobin da aka juya kaifinsa baya. Mai kallon da bai san tarihin ba sara da tsalle kawai zai gani. Alhali tambayar shirin ita ce: ina makomar mayaƙi idan zamanin da ya haife shi ya shuɗe?

Mutumin Gombe na da abin da zai auna wannan da shi a ƙofar gidansa. A Burmi, kusa da Bajoga cikin Jihar Gombe ta yau, aka yi gumurzun ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa suka kwanta dama a gaban bindigogin Turawan Ingila. Shekara 26 ne kacal tsakanin Shiroyama da Burmi. Dalilan yaƙoƙin biyu sun bambanta ƙwarai, domin na farko rikicin cikin gida ne, na biyu kuwa mamaya ce daga waje. Amma a duka wuraren takobi da sulke sun tashi daga kayan yaƙi sun koma kayan ado da tarihi, a nan sai ranar hawan salla ake ganinsu. Japanawa sun mayar da wannan rashi nasu hajar da suke sayar wa duniya. Labarin Burmi kuwa yana nan a waƙoƙi da kundayen jami'a.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu: Samurai Jack na 2001 ba na Japan ba ne, a Amurka aka yi shi, duk da ya ari rigar.

6.0 Bayan Ɗauke Almakashi

Yanzu da waya ta shiga hannun matasa, mai shiga tsakani ya kau. Attack on Titan na 2013 da Demon Slayer na 2019 suna isowa yadda aka yi su, da muryoyin Japananci da fassarar Ingilishi a rubuce a ƙasa, da jininsu da fille kawunansu. A Japan an rarraba irin waɗannan ayyuka gwargwadon shekarun masu kallo, wasu ma sai tsakar dare ake nuna su. A gidan Bahaushe kuwa kalmar katun guda ce, ma'anarta kuma abin yara, saboda haka uban da zai hana fim ɗin manya yakan wuce ɗansa na kallon abin da ya fi shi tsanani bai ko waiwaya ba. Matsalar ta suna ce kafin ta zama ta tarbiyya.

Ta fuskar harshe kuma akwai abin lura. Sana'ar fassara finafinai da murya zuwa Hausa ta kafu a Kano, inda Algaita ta yi fice, amma finafinan Indiya ne suka fi rinjaye a cikinta. Ga shi kuwa Hausa ta fi Ingilishi kusa da Japananci a wani fanni mai wuyar fassara, wato kalmomin girmamawa. Japananci na bambanta yadda ake kiran malami da na gaba da ubangida, Ingilishi kan narkar da yawancinsu a cikin suna tsirara. Sensei Malam ne kai tsaye, har da faɗinsa da ya haɗa mai koyarwa da likita da duk wani masani. Senpai na kusa da Yaya, kamar yadda ƙaramin ɗalibi ke kiran babba. Kenshin ba ya cewa "ni" irin ta kowa. Yana amfani da tsohuwar kalmar ƙanƙan da kai, sessha, wadda masu fassara zuwa Ingilishi suka yi ta fama da ita, wasu suka jefar da ita gaba ɗaya. Bafaden Gombe ko na Kano da ke durƙusawa ya ce "bawanka" a maimakon "ni" yana da ita a bakinsa tun kafin a zana Kenshin.