Jatan lande da lafiyar zuciya

Jatan lande ƙaramar halitta ce ta ruwa, mai ɓawo a jiki da dogon gashin baki. Nijar ba ta da teku, don haka yawancin wanda ake samu a kasuwanninmu busasshe ne, wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga ƙasashen bakin teku kamar Benin da Najeriya. Mata kan daka shi su zuba a miya. Wasu masu hawan jini ko ciwon zuciya na gudun sa, domin sun ji an ce yana da kolestarol. Shin gudun nan ya dace?

Abin da ke cikinsa

A garam 100 na dafaffen jatan lande akwai wajen garam 20 na furotin, wato abincin da ke gina jiki. Maiƙonsa kaɗan ne ƙwarai. Yana kuma ɗauke da iyod, mai kare mutum daga maƙoƙo.

Gaskiya ne yana da kolestarol, kusan miligaram 190 a garam 100. Kolestarol wani irin maiƙo ne da ke yawo cikin jini. In ya yi yawa, sai ya liƙe a jikin jijiyoyi, hanyar jini ta ƙuntace. Daga nan ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa.

Amma hanta ce ke yin mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikin mutum. Abin da ya fi sa shi hawa shi ne maiƙo mai daskarewa, irin kitsen nama, man shanu da manja. Jatan lande kusan ba ya da irin wannan maiƙo. A shekarar 2015, hukumomin Amurka sun janye iyakar miligaram 300 a rana da suka daɗe suna ba jama'a game da kolestarol na abinci. Ke nan, ga yawancin mutane, cin jatan lande daidai wa daida ba ya cutar da zuciya.

Inda haɗarin yake

Haɗarin yana wajen gishiri da mai. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kada babba ya kai garam 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali guda. Yawan gishiri na kawo hawan jini. Sau da yawa da gishiri ake busar da jatan lande, kuma wajen rabin dunƙulen magi gishiri ne. In aka haɗa su ukun a tukunya ɗaya, abin ya wuce kima.

Shawarwari ga mai girki

1. A wanke busasshen jatan lande, ko a jiƙa shi kaɗan, don gishirin ya ragu.
2. In an sa shi a miyar kuka ko ta kuɓewa, a rage magi da gishiri. Shi da daddawa sun isa su ba miya daɗi.
3. A dafa shi ko a gasa, kada a tsoma shi cikin mai. In za a sa mai, man gyaɗa kaɗan ya fi.
4. A haɗa shi da ganye, irin su zogale da yakuwa.

Wa ya kamata ya kula?

Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi bayan ya ci, ya bar shi gaba ɗaya. In numfashi ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti nan take. Wanda likita ya kafa wa dokar abinci, ya nemi shawararsa tukuna.

Ba dole sai jatan lande ba. Tarwaɗa da karfasa na tafkin Madarunfa, na Tabalak ko na kogin Isa su ma abinci ne mai kyau ga zuciya. Masana na ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, ba tare da yawan gishiri da mai ba.