Kada Ka Zuba Komai a Tankin Murjani Sai Ka Auna

A Jamus da Amurka da Japan da wasu ƙasashe da dama, akwai mutanen da ke kiwon murjani a cikin falonsu. Tankin gilashi ne cike da ruwan gishiri, fitilu masu shuɗin haske a samansa, kifaye masu launi suna kai da komo a tsakanin rassa. Hotunan sun cika YouTube da Instagram, kuma duk wanda ya gani sai abin ya ba shi sha'awa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin, inda kwalaben sinadarai da sirinji da kayan awo suke jere. Da yawa daga cikin asarar da masu wannan kiwo ke tafkawa daga cikin kabad ɗin nan take fitowa. Saboda haka wanda ke da niyyar shiga harkar, ko ya riga ya shiga, yana da kyau ya san wasu abubuwa kafin ya buɗe kwalbar farko.

Murjani dabba ne mai rai, ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ba. Jan murjanin da iyayenmu mata ke yin ado da shi, na gaskensa ƙashin wani danginsa ne da ake cirowa daga Bahar Rum. A cikin naman irin wanda ake kiwo akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da haske ta samar masa da abinci. Shi kuma yana tsotsar kalsiyam da kabonet daga ruwa, ya haɗa su ya gina ƙashinsa. A teku waɗannan kayan gini ba sa ƙarewa. A tanki mai lita 200 kuwa ƙarewa suke yi, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ake ƙara sinadarai.

Ga lissafin ruwan teku, wanda shi ake kwaikwayo. Gishiri kusan giram 35 a kowane kilo na ruwa. Kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, magnisiyam wajen 1,300. Ma'aunin tsami, wato pH, yana tsayawa kusa da 8.1 zuwa 8.3. Sai ƙarfin kabonet, wanda masu harkar ke aunawa da ma'aunin dKH: a teku kusan 7 ne, a tanki kuma ana riƙe shi tsakanin 7 da 11.

A kan wannan na ƙarshen nake so mu daɗe, domin shi ne ya fi saurin juyawa. Duk lokacin da murjani ya cinye dKH 1 na kabonet, kalsiyam ɗin da yake ci tare da shi bai wuce miligiram 7 a lita ba. Ka cire 7 daga 420, ko kayan awon gida da ƙyar za su nuna maka bambanci. Amma ka cire 1 daga 8, ka ga an taɓa abu mai yawa. Tankin da ya cika da murjani masu saurin girma, irin su Acropora, yana iya cinye dKH 1 ko fiye a yini guda. Ke nan mai tanki ya yi tafiyar 'yan kwanaki ba tare da an ƙara komai ba, zai dawo ya tarar kalsiyam na nan kusan yadda ya bar shi, kabonet kuwa ya yi ƙasa warwas. Shi ya sa gogaggu suka fi yawan auna kabonet a kan komai.

Hanyar sanin abin da za ka ƙara ba ta da wuya. Ka auna yau, ka bar tankin ba tare da ƙari ba, gobe a daidai wannan lokacin ka sake aunawa. Bambancin shi ne abin da tankinka ke ci a yini, kuma shi kaɗai za ka riƙa mayarwa. Idan da bekin soda tsantsa kake aiki, giram 3 yana ɗaga lita 100 da kusan dKH 1. Sai dai ka lura, tankin da aka rubuta wa lita 200 ba lita 200 na ruwa ke cikinsa ba, duwatsu da yashi sun ci wuri. Wanda ya yi lissafi da abin da ke jikin kwali zai riƙa zuba fiye da kima kullum bai sani ba.

Hanyoyin ƙarin sun daɗe da kafuwa. A shekarun 1970 Peter Wilkens ya yaɗa amfani da kalkwasser, ruwan da aka narkar da garin kalsiyam haidroksaid a ciki, wanda ke kawo kalsiyam da ƙarfin kabonet a tare daidai da yadda murjani ke cin su. A shekarun 1990 wani Bajamushe, Hans-Werner Balling, ya fito da tsarin zuba kalsiyam kulorayid daban, sodiyam baikabonet daban. Wani masanin sinadarai a Amurka, Randy Holmes-Farley, ya wallafa yadda mutum zai haɗa irin waɗannan ruwaye biyu da kansa a gida. Kowace hanya tana aiki, kowace kuma da tarkonta. Kalkwasser yana da pH sama da 12, don haka ɗiga shi ake yi a hankali, galibi da dare lokacin da pH ɗin tanki ke sauka. Aka kwarara shi gaba ɗaya, ruwa zai yi fari fat, kifi da murjani su galabaita. Yana kuma ƙona ido da fata. Su kuwa ruwaye biyun nan ba a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya, ba a kuma zuba su a wuri ɗaya a lokaci guda, domin nan take za su dunƙule su zama alli, ka yi asarar duka biyun. Bugu da ƙari suna barin gishiri a baya, sannu a hankali yawan gishirin tanki ya riƙa hawa.

Kuskuren da ya fi kashe murjani, a ganina, gaggawar gyara ce. Mutum ya auna kabonet ya ga dKH 6, hankalinsa ya tashi, ya zuba abin da zai kai shi 9 a take. Murjanin da ya saba da 6 yana iya jurewa na ɗan lokaci, amma tsalle daga 6 zuwa 9 cikin sa'a guda yana iya sa namansa ya saɓule daga ƙashi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ɗagawa ta wuce kusan dKH 1 a yini. Tankin da ke zaune daram a 7.5 ya fi wanda ke lilo tsakanin 8 da 11 lafiya nesa ba kusa ba. Kuma kafin ka yarda da lambar da ta firgita ka, ka maimaita awon, ka duba ko kayan awon sun tsufa.

Idan kana ta zubawa amma kalsiyam da kabonet sun ƙi tsayawa, ga farin ɓawo yana taruwa a jikin famfo, to ka duba magnisiyam. Shi ne ke hana su dunƙulewa a banza. In kuma pH ne ya ƙi hawa alhali kabonet na daidai, to ruwa ba ya tsami banza: sau da yawa iskar da mutane ke fitarwa ce ta taru a rufaffen ɗaki, ruwan ya sha. Maganin wannan buɗe taga ne, ba sabuwar kwalba ba.

Sauran kwalaben da ke cike da shaguna, na aidin da sitironshiyam da makamantansu, magana ɗaya ce a kansu: abin da ba ka iya aunawa, kada ka zuba. Sabon tanki mai murjani kaɗan, ko mai nau'in masu laushi da ba sa gina ƙashi mai tauri, canjin kashi 10 cikin 100 na ruwansa duk mako ɗaya ko biyu yakan wadatar da shi. Haka kuma kada a dage sai naitiret da fosfet sun koma sifiri. Kaɗan daga cikinsu abinci ne, babu su murjani koɗewa yake yi.

Yanzu ga wanda zai gwada wannan kiwo a ƙasashenmu. Gishirin girki ba ya yi, sai gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku. Kanwa ma ba ta yi, ko da yake tana da kabonet, domin tana ɗauke da ƙasa da wasu gishirai da ba ka san adadinsu ba. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma da ƙarfe ko naitiret, don haka sai an tace da na'urar da ake kira RO/DI. Jan ƙarfe guba ne ga murjani ko da ɗan mitsitsi ne, saboda haka kan famfon tagulla ko maganin kifi mai jan ƙarfe kada ya kusanci tankin. Fesa maganin sauro a ɗakin ma haɗari ne. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, shi kuwa gishiri ba ya bin tururi. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, kullum, kaɗan-kaɗan.

Sai zafi da wuta. Murjani na son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27. Ɗumin da ya haura abin da ya saba da digiri 1 kacal, in ya ɗauki makonni, yana sa shi ya kori gansakukar jikinsa ya yi fari, kamar yadda ya faru ga babban shingen murjani na Ostareliya a 1998 da 2016 da 2017. Mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san yadda bazara take. Idan babu na'urar sanyaya ruwa, babu kuma sola ko inbata da za ta riƙe famfuna in an ɗauke wuta, shawarata ita ce a haƙura da murjani, a yi kiwon kifin ruwan daɗi.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi mutanen gidan su kansu. Wasu murjani masu laushi na dangin Palythoa suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani, wadda masana suka fara warewa a Hawai a 1971. A 2018 wani iyali a yankin Oxfordshire na Ingila sai da aka kwashe su zuwa asibiti bayan an goge duwatsun tanki a cikin gida. Kada ka tafasa dutsen tanki, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka kankare shi a rufaffen ɗaki. Ka sa safar hannu da tabarau, ka kulle kwalaben sinadarai inda yara ba za su kai ba. Idan wani a gidan ya fara tari ko zazzaɓi ko ƙuncin numfashi bayan an taɓa tankin, a fitar da kowa daga ɗakin, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita cewa akwai murjani a gidan.